Tsanin Malam Mande

Markar bana ta ɓamɓare mana simintin katangar baya. Ba katangar ce ta faɗi ba, tana nan yadda kakanmu ya gina ta da jar ƙasa. Rigar simintin da aka yafa mata daga baya ce ta jiƙe ta kumbura, wata safiya muka ji ta zube rim a lungu. Na fita da lema in ga ɓarna, sai na tsaya ina kallon abin da rabona da shi tun ina saurayi. A tsakiyar jar katangar akwai wani wuri baƙi, tsawon mutum, da guntun azara kwance a samansa. Siffar ƙofa ce sak.

Ni kuwa Allah ya yi ni da bin diddigi. Matata takan ce ko ƙuda ne ya faɗa miya sai na tambayi ta ina ya shigo. Na sa hannu na taɓa jar ƙasar, na ji ta fara tsanewa. Na taɓa baƙar, na ji ta sharkaf. Nan na tuna ashe da ƙasar fadama aka toshe wurin, ita ce mai riƙe ruwa haka.

Abin ya zo daidai da wata gardama da muke yi da yayana, Yaya Bawa, wanda muke zaune gidan gādo ɗaya da shi a nan Talata Mafara. Garin ya cika. Tun da ɓarayin daji suka hana ƙauyuka sakat, kullum sai ka ga mota ta sauke mata da tabarmi da tukwane a bakin tasha. Ɗakin haya ya zama sai wane da wane. Da can ofishin tsara gari ba ya yarda a ƙara ginin haya a bayan gida, fili ɗaya gida ɗaya. Bana da abin ya ishi kowa, sai masu unguwa suka yi shela cewa an sassauta: duk mai sarari a bayan gidansa ya gina ɗaki ko biyu ya ba da haya, muddin ɗakin yana da makewayinsa, ruwansa ba ya kwarara gidan maƙwabci, kuma yana da ƙofarsa ta kansa da ke fita lungu.

Muna da sararin, har da tsohon ɗaki a ciki wanda rufi kawai yake so. Muna kuma da mai so. Lawali ne, mutumin Gidan Goga, wanda na sani a masallaci. Shi da matarsa Hajara da 'ya'yansu suna kwana a ajin wata firamare tare da wasu iyalai, an raba ajin da zannuwa. Hutu ya kusa ƙarewa, an ce musu su nemi wuri kafin yara su dawo karatu. Ya zagaya gari har takalminsa ya tsinke bai samu ba.

Yaya Bawa bai ƙi ɗaki ba, bai ƙi makewayi ba. Ƙofar ce ya ce ba da shi ba.

"Gidan ubanmu ƙohwa guda gare shi," in ji shi. "Ran da anka hwasa ta biyu, gari na cewa ɗiyan Alhaji sun raba gida. Ni ban mutu ba, kai ba ka mutu ba."

"To Yaya, ta ina mutumin za shi shiga? Ta cikin matanmu?"

"Shi tsallaka katanga mana," ya ce, ya yi dariya.

Wasa yake yi, na sani. Amma ni dariyar ba ta zo mini ba, don na taɓa ganin wanda ya tsallaka.

Shekarar ina saurayi, ban yi aure ba, Yaya Bawa yana Kaduna wajen aikin masaƙa. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya bushe a tsaye, rumbu bai cika ba. Ita kuma wannan ta zo kamar za ta rama. Tun da marka ta kama ba mu ga rana da kyau ba. Sama ta yi ƙasa ƙasa, indararo ba ya hutawa, tufa in ka wanke sai ta yi wari kafin ta bushe. Itace ya jiƙe, Inna ta yi ta hura wuta har idonta ya kaɗa, hayaƙi ya cika gida amma tukunya shiru. Da ruwa ya ɗan tsagaita sai a ce in hau soro da ƙasa a kwarya in lilliƙe inda yake yoyo, kafin in sauko wani hadarin ya haɗo daga gabas.

Ga kuma yunwa. Gero ya fitar da kai, kana ganinsa kore shar har iyakar ido, amma babu ƙwayar da za ka sa a baki. Da safe kunu ne mai ruwa ruwa. Da rana kwaɗon tafasa ko rama, ƙuliƙulin ma sai an daka shi da gishiri da yawa don ya kai. Da dare ne ake tuƙa tuwo, rabi gari rabi dusa. Na tuna yadda cikina yake kuka a sahun sallar la'asar, ina jin na kusa da ni ma nasa yana amsawa, kowa ya yi kamar bai ji ba.

Cikin wannan hali Malam Mande ya iso daga Dakko, can ƙasar Bakura. Abokin cinikin Baba ne, yakan kawo dankali da albasa kasuwar Talata ya sauka a zaurenmu. Wannan karon ba dankali ya kawo ba. Ruwa ya cinye gidansa, ɗakuna sun narke, rumbu ya kife. Ya zo da matarsa Kulu mai tsohon ciki, da yara, da jaki ɗauke da abin da suka tsamo. Dattijo ne dogo siriri mai ɗan gemu, liman ne ma a unguwarsu. Suka yi gaisuwa da Baba a zaure, doguwa, an tambayi gida da gajiya da ruwa, kowa yana cewa ruwa sun yi gyara, alhali rigar Malam tana ɗiga a kan tabarma.

Baba ya ba su ɗakin baya, inda dā ake ɗaure jaki. Muka share, muka zuba yashi, muka kafa zana tsakanin bayan gida da tsakar gidan mata. Kulu da yara suka bi ta zaure suka wuce, su mata ne da ƙanana. Malam Mande kuwa ba ɗan'uwa ba ne, ba shi da hanyar ratsa tsakar gida. Zauren ma ya riga ya cika da wasu tsofaffi da ruwa ya koro, kuma Kulu ba ta da lafiya, ba zai iya barinta ita kaɗai da dare ba.

Baba ya ce a fasa ƙofa ta lungu. Ƙanensa, Baba Ƙarami, wanda suke zaune tare, ya ce sam. Maganar da Yaya Bawa ya faɗa mini bana, ita ce ya faɗa, kamar a bakinsa aka ɗauko ta. A garinmu gida ba ya yin ƙofa biyu sai 'yan'uwa sun ɓata. In ka ga sabuwar ƙofa a tsohuwar katanga, ba sai ka tambaya ba, an yi rabon gādo ko an yi faɗa. Baba ya janye maganar, don shi ma yana tsoron bakin mutane.

Malam Mande ne da kansa ya raba gardamar.

"Alhaji, kak ku ɓata zumunci sabili da ni. A samo man tsani."

Ni na haɗa tsanin, da itacen marke da igiyar kaba. Guda ɗaya ne, ba mu da itacen yin biyu. Saboda haka in zai shiga sai ya jingina shi ta lungu ya hau, ya zauna bisa katanga ƙafa ɗaya ciki ƙafa ɗaya waje, ya jawo tsanin sama, ya zura shi ta ciki, sannan ya sauka. In zai fita ma haka. Salla biyar, fita biyar, ban da gona.

Na sha tsayawa ina kallonsa, don akwai abubuwan da suka ɗaure mini kai. Kullum sai ya cire takalmansa ya soke su a ɗamara kafin ya taka matakin farko. Na ɗauka don santsi ne. Da na tambaye shi sai ya ce ai gidan mutane ba a hawansa da takalmi. In ya kai sama kuma ba ya ɗaga kai, don daga can ana hango tsakar gidan mata. Sai ya juya fuska wajen lungu, ya yi gyaran murya, ya yi sallama, ya jira har Kulu ta amsa. In tana barci yakan zauna nan bisa katanga, ruwa yana dukansa, har sai wani yaro ya farka ya amsa masa. Yaran unguwa suka sa masa suna Malam na Sama. Ya ji, ya yi murmushi, ya ce Allah ya sa can ɗin ma a sama za a ajiye shi.

Bai yarda ya ci namu a zaune ba. Da asuba ta yi yana gaba da fartanya. Tare muka yi maimai a gonar Baba, tare muka yi huɗar dawa, ƙafa tana nutsewa cikin laka har ƙauri. Mutumin fadama ne, ya san ruwa. Shi ya nuna mana inda za mu yanka hanya ruwan da ya kwanta a gindin gero ya fice. Da rana mukan zauna gindin wata tsamiya mu raba kwaɗon da aka aiko, ya ɗauki loma kaɗan ya ce ya ƙoshi, ya ƙulle sauran a ganye. Na san Kulu yake kai wa. Da yamma mu dawo tare har bakin zaure, ni in shige ciki, shi ya zagaya lungu.

Wata rana na ce masa, "Malam, wanga hawa bai isa ka ba?"

"Ɗana, wanda ruwa yac ci ma gida ba shi zaɓen ƙohwa," ya ce. "Sai dai gwiwa ta hwara ƙara."

Abin ya faru ranar wata Talata, gari cike da baƙin kasuwa. Hatsin da Baba yake ɗibar musu ya yi ƙasa, Malam kuma ba ya son ya sake buɗe baki. Sai Kulu ta kwashe kwanonin jerenta da suka tsira daga ruwa, ta ɗaure masa a zane ya kai kasuwa. Bayan azahar ne, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya lulluɓe kansa da buhu, ya hau katanga, ya zura tsani ta lungu, ya fara sauka da ƙunshi a kafaɗa. Wasu 'yan kasuwa da ba 'yan unguwa ba sun fake a ƙarƙashin bishiyar bedin da ke bakin lungun. Suka ga mutum fuska a rufe yana fitowa ta katanga da kaya.

Ina cikin zaure na ji ana ihun ɓarawo. Kafin mu zagayo ni da Baba, sun fizgo shi daga tsanin, yana kwance cikin taɓo, wani yana dukansa da sandar kora jaki. Kwanonin sun watse, ruwa yana kaɗa su, wani murfi yana ta gangarawa cikin kwata. Baba ya kutsa tsakiya yana faɗin baƙonsa ne, limami ne. Mutanen suka ja da baya suna ba da haƙuri, wasu har da tsugunawa. Malam Mande ya tashi zaune, gemunsa duk laka, leɓensa ya fashe. Abin da ya fara nema hularsa ce.

"Ba laihinsu na ba, Alhaji," ya ce. "Ko ni nig ga mutum bisa katanga da kaya, abin da nika cewa ke nan."

Ranar ban iya cin tuwo ba, duk da yunwar da nake ji. Takaici ne ya cika mini ciki, kuma ban san wa zan ji haushi ba. Washegari da muka fito sallar asuba muka tarar jakinsa a ɗaure da kaya. Baba ya roƙe shi, Baba Ƙarami ma ya roƙe shi, har da riƙe masa hannu. Ya yi godiya mai yawa, ya yi wa gidan addu'a, ya ɗora Kulu a kan jaki suka kama hanyar Bakura cikin yayyafi. Tsanin ya bar shi jingine ta ciki.

Kashegari da hantsi na ji duka a bayan gida, dum, dum. Na leƙa na gan shi da diga, ya tuɓe riga, yana saran katanga shi kaɗai. Baba Ƙarami ya zo ya tsaya, na ce yau za a yi ta. Sai na ga ya naɗe hannun riga ya fara kwashe ƙasa da kwando. Kafin la'asar haske ya shigo ta lungu, suka ɗora azara a sama, Baba ya ce in ɗauki keke in tafi Dakko in ce wa Malam an yi masa ƙofa.

Rabin hanya ni na ɗauki keken, ba shi ya ɗauke ni ba. Na sami Malam Mande a kan kufan gidansa, ya kafa bukkar kara, Kulu tana ciki ta haihu. Ya shimfiɗa mini buzu, muka gaisa, na isar da saƙo. Sai ya nuna mini bakin bukkar, wani ɗan rami da sai ka durƙusa za ka shiga.

"Ka ce ma Alhaji na gode, Allah shi bar zumunci. Ka ce mashi bukka ta, tana yoyo. Amma da ƙahwata nika shiga."

Ƙofar ta zauna a buɗe da asabari har aka ci tumu, har aka yi girbi. Ba wanda ya bi ta cikinta sai awaki. Mutane kuwa sun yi maganar da ake tsoro, an yi ta tambayar Baba a masallaci ko lafiya shi da ƙanensa. Da kaka ta yi ya sa aka ɗebo ƙasar fadama aka toshe. Bayan wasu shekaru aka shafe katangar da siminti. Ba a sake tayar da zancen a gidanmu ba, shi ya sa Yaya Bawa da ya dawo daga Kaduna bai taɓa ji ba. Har yau ina tambayar kaina me ya sa Baba ya bar azarar a ciki, alhali itace yana da tsada a lokacin, kuma shi ba mai barin abu ya lalace ba ne.

Da na gama tsayuwata a lungu, na koma ciki na sami Yaya Bawa yana shan kunu. Na gaishe shi, na ce ya zo ya ga ɓarnar ruwa. Ya fito yana mita a kan tsadar siminti. Da ya ga wurin sai mitar ta tsaya.

"Mi na wanga?"

Na ba shi labari tun daga jakin Malam Mande har bukkar Dakko, muna tsaye, yayyafi yana sauka a kan lema ɗaya. Bai katse ni ba, abin da ba halinsa ba ne. Ya sa yatsa ya bi gefen baƙar ƙasar daga ƙasa har azara.

"Baba da hannunshi?"

"Da hannunshi. Baba Ƙarami na kwasar ƙasa."

"Kuma ba su rabu ba."

"Kai ka yi musu wankan gawa su duka biyu, Yaya. Cikin gidan ga."

Sai ya ce in aika a kira magini, a kuma aro diga. Da aka kawo bai ba magini ba, shi ya karɓa, da tsufansa da ciwon bayansa. Sara kaɗan ya yi baƙar ƙasar ta zube gaba ɗaya, ta bar gefuna a miƙe kamar jiya aka yanka su. Azarar ko gara ba ta taɓa ba. Magini ya ce bai taɓa fasa ƙofa mai sauƙin wannan ba.

Aikin ya ɗauke mu 'yan kwanaki, muna yi ruwa yana korarmu. Aka ɗora kwano, aka haƙa makewayi, aka ja kwata zuwa babbar magudana, aka sa kyauren ƙarfe. Inda zana take dā, yanzu bulo ne, da ɗan kyauren da mata za su riƙa bi. Ma'aikacin ofishin tsara gari ya zo ya duba, ya ce ƙofar ta ɗan yi gajarta amma ta wuce. Maƙwabta sun tambaya ko lafiya, Yaya Bawa ya ce lafiya lau, ƙofar Alhaji ce muka buɗe. Yanzu a lungunmu kaɗai na ga wasu gidajen sun fara auna katangarsu.

Ranar tarewa Hajara ta riga zuwa da tsintsiya. Ta bi ta zaure ta gaisa da matanmu, aka buɗe mata ta wuce. Lawali ya iso daga baya da katifa a ka, ya sauke ta a lungu. Muka gaisa, ya yi ta godiya har Yaya Bawa ya ce ya isa haka nan. Sai ya matsa bakin ƙofar, ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya tsaya yana dubanmu, yana jira mu ce ya shiga.

"Mu kaka kallo?" in ji Yaya Bawa. "Ba mu ad da ita ba."

Lawali ya juya ya fuskanci ƙofar, ya yi gyaran murya, ya yi sallama. Daga ciki Hajara ta amsa. Ya sunkuyar da kai ƙarƙashin azarar Baba, ya shiga da ƙafarsa.